Akwai makoma ga likitan da ya zaɓi zama a sashen gaggawa?

Likitan_Dare:
Assalamu alaikum manyanmu da abokan aiki. Shawara nake nema. Na gama bautar ƙasa, yanzu ina aiki a sashen gaggawa na wani babban asibitin jiha. Duk da wahalarsa, aikin ya kwanta mini a rai. Burina in ƙware a wannan fannin shi kansa, in koyar da shi, wata rana in riƙe sashe in gyara shi. Amma duk babban da na tunkara sai ya ce in bar zancen nan, in je in rubuta firamari, jarrabawar farko ta neman ƙwarewa, ta tiyata ko ta medisin (fannin cututtukan cikin jiki), wai emajensi wurin wucewa ne. Wani ma tambayata ya yi ko na taɓa ganin farfesan emajensi a garin nan. To, akwai hanya a fannin nan ga mai son koyarwa da shugabanci, ko shekaruna zan zubar? Wanda ya bi hanyar, ko ya ga wanda ya bi, don Allah ya ce wani abu.

Mai_Aska:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, manyan nan ba ƙin ka suke yi ba. Zauna ka yi lissafi. In ka shiga tiyata yau ka san hanyar tun daga farko har ƙarshe: jarrabawar firamari, ta fat wan, ta fat tu, shekara shida ko fiye in yajin aiki ya ci maka lokaci, ka fito kwansaltan, wato babban likita ƙwararre. Akwai gurbi a asibitin koyarwa, akwai sashe a jami'a da zai ɗauke ka lakcara, ga asibitin kuɗi da yamma. Emajensi fa? In ka fito, wane sashe ne a jami'a zai karɓe ka? Wa zai duba takardunka ranar ƙarin girma? Kuma jiki tsufa yake yi. Dutin daren da kake jin daɗinsa yanzu, ka tambayi mai shekara hamsin.

Hauwa_Nas:
Cif, da girmamawa, ai ku ma kuna kol, ana kiran ku aiki cikin dare, har ku yi furfura. Bambancin kawai ku a waya ake tashin ku, mu kuwa a tsaye asuba ke samun mu 😄

Matiron_Mai_Ritaya:
Ɗana Likitan_Dare, Allah ya yi maka albarka. A wannan ɗakin na yi mafi yawan aikina har na ajiye, bari in faɗa maka abin da idona ya gani. Likitoci masu ilimi kullum suna shiga suna fita. Abin da ɗakin ya rasa shi ne mai shi. Na tiyata ya zo ya duba nasa ya tafi, na medisin ya duba nasa ya tafi, na ƙashi ma haka. Wanda ba a san ko na wane ne ba, kamar tsohon da ya yanke jiki ya faɗi a kasuwa, ga rauni a ka ga sukari ya hau, shi ne zai kwana a gadon da ake turawa ana ta aika takarda daga wannan sashe zuwa wancan.

Shugaban sashen kuwa galibi aro ake yi. A ɗauko kwansaltan daga wani fanni a ce ya riƙe, alhali ga tiyatarsa, ga kilinik, ga ɗalibansa. Sai an yi rigima da dangin majinyaci ake ganin sa. Ƙananan likitocin da ke zaune a wurin kuma, da zarar hannunsu ya faɗa sai su ci jarrabawa su wuce, a turo sababbi, mu sake nuna musu inda ake ajiye kaya. To wa zai tsaya ya yi faɗa a kan tukunyar oksijin da babu kanta? Wa zai zauna da masu famasi har a yarda a ajiye akwatin magungunan ceto da za a buɗe ba sai an kawo rasit ba? Wa zai tilasta wa masu ɗakin jini su amsa waya da dare? Sai wanda ya san nan zai zauna har ritaya. Irin mutumin da kake son zama ke nan, kuma shi muka yi ta jira bai zo ba.

Mai_Aska:
Hajiya Matiron, ban musa ko ɗaya ba. Amma yaron nan rayuwarsa yake tambaya, ba gyaran Najeriya ba.

Babbar_Rejistara:
Bari in gyara wani abu, don har yanzu wasu manyanmu suna magana kamar fannin babu shi a ƙasar nan. Kwalejin horar da ƙwararrun likitoci ta ƙasa da ke Ijanikin a Legas ta buɗe tsangayar likitancin gaggawa, ba a daɗe ba. Ma'ana ana iya shiga horo a fito felo, wato cikakken ƙwararre mai shaidar kwalejin, a wannan fannin kamar kowane fanni. Matsalar ita ce cibiyoyin da aka amince su horar ba su da yawa, masu horarwar ma ƙalilan ne. Likitan_Dare, kafin ka sayi fom na kowane asibiti, ka duba jerin cibiyoyin da kwalejin ta tantance, ka ga ko amincewar tana nan da ranta. Kada ka yarda da "an kusa ba mu". Mutane sun zauna shekaru suna jiran "an kusa" a wasu fannonin.

DanZango_Kumasi:
Salamu alaikum 'yan'uwa na Najeriya. Ni nas ne a Kumasi. Mu abin da ya farkar da ƙasarmu shi ne turmutsitsin filin ƙwallo na Accra ranar 9 ga Mayu 2001, wasan Hearts of Oak da Asante Kotoko. Mutum sama da 120 suka rasu, cikinsu da 'yan zango da dama. Bayan nan aka kafa hukumar motocin ɗaukar marasa lafiya ta ƙasa a 2004. A 2009 asibitin koyarwa na Komfo Anokye, tare da Jami'ar Michigan ta Amurka da kwalejin ƙwararrun likitoci ta Ghana, suka fara horar da likitocin gaggawa, rukunin farko suka fito a 2012. Mu ma nas-nas an buɗe mana namu karatun a jami'ar KNUST ta nan Kumasi. Tambayar da aka yi maka ta farfesa, a 2009 mu ma ba mu da shi. Waɗanda suka shiga da wuri su ne yau ke koyar da na baya, wasu kuma an tura su sun buɗe sassa a wasu garuruwa.

Likitan_Dare:
Na gode ɗan'uwa. To su rukunin farkon wa ya koyar da su, tunda babu ƙwararru a ƙasar?

DanZango_Kumasi:
Baƙi ne suka riƙa zuwa daga Amurka suna zama a sashen, sannan likitocin tiyata da na medisin da na yara na gida suka karɓe su zagaye a sassansu. Haka aka yi a Tanzaniya a asibitin Muhimbili daga 2010, haka a Jami'ar Addis Ababa a wannan shekarar. Afirka ta Kudu ta riga kowa, tun 2004 suka fara a Cape Town. Duk inda ka duba, aron malamai aka yi na ɗan lokaci, daga nan ɗalibai suka gaje su.

Bakano_a_Leeds:
Cif Mai_Aska, ga wani labari da zai yi maka daɗi. Mutumin da ake lissafawa a matsayin kwansaltan na farko da ya zauna dindindin a sashen haɗurra a Ingila, Maurice Ellis, a nan Leeds aka naɗa shi a 1952. Likitan tiyata ne irinka, kuma kafin nan ya yi shekaru yana aiki a Najeriya zamanin Turawa. Shi ya fara shugabantar ƙungiyar likitocin sashen haɗurra a 1967. Wannan ƙungiyar ce ta yi ta rikiɗa har ta zama kwalejin da ta samu laƙabin sarauta a 2015. Su ma sun ɗanɗana rainin da ake yi wa fannin.

Kan tambayar Likitan_Dare, abin da ya fi burge ni a nan shi ne koyarwa da shugabanci a rubuce suke cikin kwantiragin aiki. Makon kwansaltan an raba shi kashi goma, kowane kashi awa huɗu, kuma akwai kason da aka ware wanda ba na ganin marasa lafiya ba ne. A ciki ake kula da masu neman ƙwarewa, a tsara jadawalin aiki, a binciki kurakurai, a zauna taron gudanarwa. Wani ya zama mai kula da horo, wani ya riƙe ɓangaren na'urar hoton ciki ta gefen gado, wani ya zama daraktan sashe. Kowa da layinsa, kuma ana biyan sa lokacin. A gida kuwa mai son koyarwa daga barcinsa yake yanka.

Sai dai kada a zaci aljanna ce. Tun 2004 akwai ƙa'idar awa huɗu, wato a duba mutum a sallame shi ko a ba shi gado cikin awa huɗu, kuma an daɗe rabon da ƙasar ta cika wannan ma'auni. Marasa lafiya na kwana a baranda. Abokan aiki da yawa sun rage kwanakin aiki saboda gajiya. A Amurka, inda aka fara horon a Cincinnati a 1970 aka kuma amince da fannin a 1979, a 2023 gurbin horo sama da 500 ne aka rasa masu cikawa a zagayen farko. Maganar Cif ta tsufan jiki gaskiya ce.

Auwal_PLAB:
Yaya Bakano, ita jarrabawar MRCEM, ta kwalejin likitocin gaggawa ta can Birtaniya, mutum zai iya fara ta daga gida?

Bakano_a_Leeds:
Zai iya. Kashi uku ce, biyu na rubutu, ta ƙarshe ta gwajin aiki a gaban masu jarrabawa, kuma ana buƙatar shaidar ka yi aiki a sashen gaggawa. Amma in faɗa maka gaskiya, mafi yawan waɗanda na sani da suka bi ta nan, ƙofar fita suke nema. Shi kuma mai tambayar zama yake so ya yi.

Dan_Kwari:
Ku yi haƙuri likitoci, ni ɗan kasuwa ne, shigo da ni aka yi zauren nan. Ku bar zancen farfesa tukuna. Ƙanena ya yi haɗari a babur, muka kai shi wani asibiti jini na zuba, aka ce sai mun yanki kati, sai mun sayo safar hannu da ruwa da allura, sannan wani ya ce ina ɗan sanda. Allah ya sa da sauran kwana. In shugabancin da kuke magana zai hana irin wannan, to a ba yaron nan kujerar tun gobe.

Lauyan_Zaure:
Alhaji, Allah ya ƙara masa lafiya. Abin da aka yi muku doka ta hana. Sashe na 20 na dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ya ce ba a yarda wani ma'aikacin lafiya ko asibiti ya ƙi ba mutum kulawar gaggawa ba bisa kowane dalili, kuma hukuncin tarar naira 100,000 ne ko ɗaurin da bai wuce wata shida ba, ko duka biyun. Ko wanda aka harba da bindiga, dokar 2017 ta ce a fara yi masa magani ko da takardar 'yan sanda ko babu, sannan a sanar da su cikin awa biyu. Balle haɗarin babur.

Hauwa_Nas:
Barista, dokar mun san ta. Amma ran da na buɗe kabad na ga babu ruwa babu safar hannu, dokar zan ɗaura masa a jijiya? In na ɗauko na wani majinyaci na sa masa, gobe ni za a tuhuma. Mutane na ganin mu ne marasa imani, alhali mu ne kawai fuskar da suke iya gani.

Babbar_Rejistara:
Sista Hauwa ta taɓo ainihin aikin shugaban sashe, wanda ba a koya mana a makaranta. Ita wannan dokar ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya, kuma kashi 5 cikin 100 na asusun an ware shi don kulawar gaggawa. Daga nan NEMSAS, shirin tarayya na kulawar gaggawa da motocin ɗaukar marasa lafiya, ke biyan kuɗin awa 48 na farko a asibitocin da ke cikin tsarin. To amma kuɗin ba ya zuwa da ƙafarsa. Sai an yi rajistar asibiti, an cike takardun kowane majinyaci daidai, an bi sawun biya, an tabbatar abin da ya shigo ya koma kabad ɗin Sista Hauwa bai narke a babban asusun asibiti ba. Likitan_Dare, in kana son shugabanci, ka sani rabin aikin irin wannan ne: kasafi, jadawali, wasiƙu, zama da CMAC (babban likitan da ke kula da ayyukan jinya na asibiti), lallashin mai gyaran janareta. In abin da ke burge ka kawai sa bututun numfashi ne da farfaɗo da wanda zuciyarsa ta tsaya, kujerar za ta gundure ka.

Lokotoro_Maradi:
Sallama gare ku daga Nijar. Mu tsarin Faransa muka gada, kuma ya sha bamban da wanga da kuke zance. Can tunanin shi ne lokotoro, wato likita, ya fita cikin mota ya iske maras lafiya inda yake, ya fara aiki tun nan. Shi ne SAMU, wanda Farfesa Louis Lareng ya assasa a Toulouse a 1968. Nan Nijar ma akwai SAMU, lambar kira 15, 'yan kwana-kwana kuma 18. Waɗanda suka daɗe suna jan ragamar irjansi, wato sashen gaggawa, a tsarinmu su ne masu sa barci da farfaɗowa. Faransa kanta sai 2017 ta mai da likitancin gaggawa cikakken fanni mai nasa horo, kafin nan ƙarin takarda ce ake yi bisa wani fanni. Don haka ga namu gani, ba dole sai da sunan fannin mutum ke riƙe sashe ba. Kuma in ka bar Yamai ka shiga ƙananan garuruwa, majo, wato babban nas, ne ke riƙe da komai, shi ne malami shi ne shugaba.

Mai_Sa_Barci:
Lokotoro ya faɗi abin da ke bakina. Likitan_Dare, akwai hanya ta tsakiya. Ka shiga fannin sa barci ko likitancin iyali, waɗanda ke da cibiyoyin horo a Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri, ka fito da takardar da kowa ya sani, amma ka karkata aikinka da bincikenka na fat tu zuwa sashen gaggawa. Ranar da asibitinku zai nemi amincewar horar da fannin, irinku za a nema. Mu ma an daɗe ana ce mana masu taya likitan tiyata ne kawai.

Bakano_a_Leeds:
Ban yarda da wannan gaba ɗaya ba, Cif. Haka ake samun shugaban aro da Hajiya Matiron ta kwatanta. Za ka shiga da niyyar komawa, sai tiyata da ICU, ɗakin masu tsananin rashin lafiya, su haɗiye ka. Kuma mai sa barci bai saba da yaro mai zazzaɓi da mai taɓin hankali da mai naƙuda da wanda maciji ya sara duk a layi ɗaya ba. Wannan haɗin shi ne fannin.

Malama_a_Tsangaya:
An yi ta maganar shugabanci, an bar koyarwa, alhali da ita ya fara. Ni ina koyarwa a tsangayar likitanci, fannin yara. Ɗana, abu biyu ne mabambanta: iya koyarwa, da hawa matakan jami'a. Na biyun da takardun bincike ake hawansa, daga lakcara zuwa babban lakcara zuwa farfesa, kuma in ba ka wallafa ba ko ɗalibai na son ka kamar me a nan za ka tsaya. Ga rigimar albashi tsakanin tsarin jami'a da na asibiti, ga ta digirin digirgir da felo wadda har yajin aiki ta jawo a 2024 kan kujerar shugaban jami'a. Ka shiga da idonka a buɗe.

Amma ta fuskar bincike, babu wanda ke zaune a kan arziki kamarka. Kowane dare abin rubutu na shigowa ta ƙofarka, ba mai ƙirgawa. Mutum nawa ke zuwa, da me, ƙarfe nawa, minti nawa kafin a taɓa su, nawa ke rasuwa cikin awa 24. Fara da rajista mai tsabta, ka nemi izinin kwamitin ɗa'ar bincike, ka samu babba ɗaya ya tsaya maka.

Kuma muna buƙatar malaman da suka san ƙasarmu. Shekara da shekaru muna koyar da cewa yaro mai zazzaɓi mai tsanani da jininsa ba ya zagayawa sosai a ɗura masa ruwa da sauri, don haka littattafan waje suka ce. Sai binciken FEAST ya fito a 2011, yara sama da 3,000 a Uganda da Kenya da Tanzaniya, ya nuna waɗanda aka yi wa hakan sun fi mutuwa. A Blantyre ta Malawi kuma, Farfesa Elizabeth Molyneux da abokan aikinta sun gyara yadda ake karɓar yara a bakin ƙofa, suka horar da ma'aikata su gane mai tsanani su fara da shi, mutuwar yaran da aka kwantar ta sauko daga tsakanin kashi 10 zuwa 18 cikin 100 ta koma 6 zuwa 8. Ba su sayo wata babbar na'ura ba. Koyarwa ce da tsari.

Ba sai ka zama felo za ka fara ba. Hukumar Lafiya ta Duniya da ƙungiyar Red Cross ta ƙasa da ƙasa sun fitar da kwas na kulawar gaggawa ta farko a 2018, kwana biyar, kuma littafinsa kyauta ne a intanet. Ka yi shi, ka nemi na masu horarwa, ka fara da nas-nas da masu tura gado da masu gadin ƙofa na sashenku. A nan za ka gane ko kana son koyarwa ko sunanta kake so.

Hauwa_Nas:
Malama, Allah ya saka. Mai gadi shi ne mutum na farko da ke ganin majinyaci, amma ban taɓa ganin an kira shi horo ba.

Dan_Hadejia:
Ina karanta ku tun ɗazu. Ni ma'aikacin lafiya ne a Jigawa. Daren da tankar mai ta fashe a Majiya cikin Oktoban 2024, mutum sama da 150 suka rasu, waɗanda suka ƙone kuma aka rarraba su asibitocin kusa da na Kano. Duk wanda ya yi aiki a ranakun nan ya san kowa ya yi iya ƙoƙarinsa. Abin da na fito da shi shi ne irin wannan rana tana buƙatar wanda ya riga ya zauna tun kafin ta zo ya rubuta: wa ke tsayawa a ƙofa yana tantancewa, wa ke kiran waɗanda ba sa duti, ina za a samo ruwa kwali-kwali cikin dare, wane asibiti ke da gadon ƙuna, wa ke magana da dangi. Sannan a riƙa gwada shi lokaci-lokaci. Wata uku bayan nan aka sake yin irinsa a mahaɗar Dikko a jihar Neja. Wannan aikin wane fanni ne a cikin waɗanda ake tura Likitan_Dare?

Mai_Aska:
Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Wannan kam na sallama, ba a koya mana shi a tiyata ba, sai abin da mutum ya tsinta a kwas ɗin ATLS na kula da masu mummunan rauni. Amma har yanzu ina kan bakana game da gurbin aiki. A nuna mini jiha ɗaya a yankinmu da ta tallata gurbin kwansaltan na gaggawa, in yi shiru.

Babbar_Rejistara:
Cif, wa za su tallata wa, tunda babu wanda ya fito? Sai an haifi ɗa ake raɗa suna.

Dan_Jidda:
In ma gida ba ta tallata ba, Saudiyya da sauran ƙasashen Larabawa suna ɗauka, fannin ya kafu a nan, ga aikin Hajji kowace shekara. Ba zai rasa abinci ba. Wannan dai a cire shi daga lissafi.

Matiron_Mai_Ritaya:
To ga shi nan. Tun ba a horar da shi ba har an fara yi masa cinikin jirgi. Ɗan Jidda, ka bar mana ɗaya mana.

Ina da ƙari kan maganar Ɗan Haɗeja. Tantancewar bakin ƙofa a Afirka ta Kudu launi biyar suka yi mata: ja a gani nan take, ruwan goro cikin minti goma, rawaya cikin awa ɗaya, kore cikin awa huɗu, shuɗi wanda ya riga ya cika. Kuma nas ce ke yin ta. Muna da nas-nas da suka yi karatun ƙwarewa kan haɗurra da gaggawa, suna dawowa sai a tura su ɗakin haihuwa ko kilinik ɗin ido saboda jadawalin canjin wuri. Duk likitan da ya riƙe sashe bai hana wannan ba, aikin banza yake yi.

Likita_Sadiq:
Hajiya, kina nufin nas ta shugabanci sashen ke nan?

Matiron_Mai_Ritaya:
Ɗana, ba kujerarku nake nema ba, na riga na ajiye tawa. Cewa na yi sashen kai biyu gare shi, likita da matiron, in ba su jitu ba majinyaci ke biya.

Likita_Sadiq:
Na ji, Hajiya. Don dai kar zaren ya koma rigimar da muka saba.

Likitan_Dare:
Na gode ƙwarai, manyana. Na rubuta wa kwalejin ina neman jerin cibiyoyin, kuma na sauke littafin kwas ɗin da Malama ta ambata. Rajistar ma zan yi wa matiron ɗinmu magana. Abin da ya rage mini shi ne tsakanin shawarar Cif Mai_Sa_Barci da ta Yaya Bakano. In cibiyar da ke horarwa tana nesa, ga iyali ga mahaifiya, kuma jiha ba lallai ta sake ni da albashi ba, anya ba hanyar tsakiyar ce ta fi ba?

Mai_Sa_Barci:
Ita ce. Kuma kuɗin tallafin horo na tarayya ba kowane ma'aikacin jiha ke samu ba, ka bincika wannan kafin ka motsa.

Bakano_a_Leeds:
Ni dai ina nan kan cewa in kowa ya bi ta tsakiya, shekara goma nan gaba wani yaron zai sake yin wannan tambayar a zauren nan. Amma ba ni zan biya maka haya a Kudu ba, don haka ba zan matsa ba.

Malama_a_Tsangaya:
Kafin ka yanke, ka nemi izini ka je ɗaya daga cikin cibiyoyin ka yi ko mako biyu kana kallo. Ka tambayi masu horon su da kansu sau nawa kwansaltan ke tsayawa da su a kan majinyaci, kuma wa ke sa hannu a littafin aikinsu. Rajistar kuma ka sa ginshiƙin lokacin isowa da lokacin da aka fara taɓa mutum, su ne aka fi mantawa.

Hauwa_Nas:
Ka sa da ginshiƙin "an samu oksijin ko ba a samu ba". Kuma a sayo agogon bango tukuna, namu ya tsaya tun azumi.